Dukiyar Masu Ajiya a Hannun Masu Banki: Darasi Daga Binciken African Continental Bank na 1956

Gabatarwa

A cikin watan Yuli na shekarar 1956, Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka na Ingila, Mista Alan Lennox-Boyd, ya ba da sanarwar kafa kotun bincike a kan Firimiyan Jihar Gabas ta Nijeriya, Dokta Nnamdi Azikiwe. Zargin da aka yi wa Firimiyan shi ne wai ya bari an zuba dukiyar jama'a, wajen fam miliyan 2, a cikin wani banki wanda shi da danginsa da kamfanoninsa suke da hannu dumu-dumu a ciki. Saboda wannan bincike sai da aka ɗage taron tsarin mulki wanda aka shirya yi a Landan cikin Satumba 1956 har zuwa Mayu 1957. Watau ke nan rigimar banki guda ɗaya ta jinkirta maganar mulkin kai ta ƙasa baki ɗaya, har da Arewa da Yamma waɗanda ba su ci nanin ba, nanin ta ci su.

Wannan lacca za ta bi tarihin wannan rigima, tun daga tushenta har zuwa abin da ta haifar, domin ta duba tambayoyi biyu waɗanda suka shafi duk wanda ya taɓa kai kwabonsa ajiya, da duk ma'aikacin da aka danƙa wa asusun hukuma. Ta farko, a kan wane sharaɗi ya halatta banki ya yi hulɗar kuɗi da masu shi da makusantansu? Ta biyu kuwa, wa ya kamata ya yanka wa shugabannin banki ladan aikinsu, kuma da wane mudu za a auna shi?

Abin da ya bambanta banki da attajiri

Attajirin da ya ranta wa ɗansa ko surukinsa kuɗi daga aljihunsa, idan bashin ya nutse, shi kaɗai ya yi hasara, ba kuwa wanda zai tuhume shi. Banki ba haka yake ba. Jarin da masu banki suke zubawa ɗan kaɗan ne idan aka gwada shi da abin da bankin yake juyawa. Mafi yawan kuɗin na masu ajiya ne, watau ɗan kasuwa da ma'aikaci da manomi da hukumomin gwamnati, waɗanda aka yi wa alkawarin cewa duk ranar da suka zo za a miƙa musu abinsu. Fataken dā sun san irin wannan amana sarai, domin fatoman da baƙo ya bar wa kuɗinsa, idan ya juya su cikin harkar gidansa suka salwanta, to, sunansa ya ɓaci ke nan a dukkan zangunan da ke kan hanya.

Waɗanda ake kira makusantan banki su ne daraktoci, da manyan manajoji, da masu babban hannun jari, da matansu da 'ya'yansu, da kuma kamfanonin da ɗaya daga cikin waɗannan yake da hannu a ciki. Idan baƙo ya zo neman rance, manaja yakan tsare shi da tambayoyi uku: mece ce jinginarka, nawa ne ruwan da za ka biya, yaushe za ka biya? Idan kuwa mai neman rancen shi ne ya ɗauki manajan aiki, kuma shi ke da ikon korarsa, tambayoyin nan uku sukan yi laushi. In wa'adi ya cika ba a biya ba, babu akawun da zai iya aika wa ubangidansa takardar tuni, balle ya kai shi gaban alƙali.

Wannan cuta ba ta wata ƙasa ɗaya ba ce. A cikin Oktoba 1878 wani babban banki a ƙasar Sikotilan, mai suna City of Glasgow Bank, ya rufe ƙofarsa da giɓin da ya wuce fam miliyan 5. Da aka buɗe littattafansa sai aka tarar an tara mafi yawan rancen a hannun 'yan kamfanoni kaɗan, waɗansunsu masu alaƙa da daraktocin, an kuma yi shekaru ana shirya lissafin ƙarya don a rufe ɓarnar. A lokacin, doka ta ɗora wa masu hannun jari biyan dukkan bashin banki, saboda haka aka nemi duk mai hannun jari na fam 100 ya kawo fam 2,750. Daga cikin mutum 1,819 masu hannun jari, 254 ne kaɗai ba su karye ba. An ɗaure daraktocin a 1879, biyu wata goma sha takwas, sauran wata takwas-takwas, kuma a wannan shekara aka yi dokar da ta sa bankunan da suka zaɓi taƙaita alhakin masu hannun jarinsu su riƙa miƙa littattafansu ga mai bincike daga waje.

Bankunan 'yan ƙasa kafin 1952

Bankin Turawa na Bank of British West Africa ya kafu a Ikko a 1894, daga baya kuma Barclays ya zama abokin hamayyarsa daga 1925. Waɗannan bankuna biyu an kafa su ne domin hidimar gwamnatin mulkin mallaka da manyan kamfanonin Turawa. Suna karɓar ajiyar baƙar fata hannu bibbiyu, amma idan ɗan kasuwar ƙasa ya nemi rance sai a ce ba shi da jinginar da za a amince da ita. Wannan ƙorafi na gaskiya ne, shi ne kuma ya sa 'yan ƙasa suka tashi kafa nasu bankunan.

Na farko, Industrial and Commercial Bank, an buɗe shi a 1929, ya mutu a 1930. Nigerian Mercantile Bank ya biyo baya a 1931, shi ma bai wuce 1936 ba, kuma daraktocinsa na cikin manyan masu cin bashinsa. National Bank of Nigeria, wanda su Dokta Akinola Maja da T. A. Doherty da H. A. Subair suka kafa a 1933, shi ne na farko da ya yi ƙarko. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuɗi suka yawaita a hannun mutane, sai buɗe banki ya zama yayi. Ba a bukatar lasin, ba a bukatar ƙwarewa. Wanda ya sami ɗaki da teburi da allon suna ya zama mai banki. Fiye da ashirin aka buɗe a 'yan shekarun nan, amma waɗanda suka kai ƙarshen shekarun 1950 ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Gwamnati ta sa wani masani daga Ingila, Mista G. D. Paton, ya binciki lamarin a 1948, kuma daga rahotonsa aka tsara Dokar Banki ta 1952. Dokar ta ce dole kowane banki ya nemi lasin. Bankin 'yan ƙasa sai ya nuna jarin fam 25,000 wanda aka biya aƙalla fam 12,500 daga ciki, na waje kuwa fam 100,000. Ta wajabta ware kashi ashirin cikin ɗari na riba a asusun ko-ta-kwana, ta kuma hana a ba darakta rancen da ya wuce fam 300 ba tare da jingina ba. Bankunan da ke aiki an ba su wa'adin shekara uku su cika sharuɗɗan. Wa'adin ya faɗo cikin watan Mayu 1955, wata ne kuwa mai muhimmanci a labarin da ke tafe.

Azikiwe da bankinsa

Dokta Azikiwe, haifaffen Zungeru a 1904, ya dawo Nijeriya a 1937 ya kafa jaridar West African Pilot. A hankali jaridunsa suka yaɗu zuwa Fatakwal da Anaca da Warri, har da Daily Comet wadda aka mayar Kano a 1949. Jarida kuwa, balle mai sukar gwamnati, ba kasafai take ci da kanta ba. Shi da kansa ya sha ba da labarin irin wulaƙancin da manajan bankin Turawa ya yi masa a Ikko sa'ad da ya je neman rance, ya ce daga ranar ne ya ƙudura kafa bankin da zai tsaya wa baƙar fata. A 1944 ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Tinubu Properties, wanda aka mayar banki, ya fara aiki a 1948 da sunan African Continental Bank. Shi ne shugaba, ƙa'idojin bankin kuma suka ba shi wannan kujera muddin ransa. Shi da danginsa da kamfanoninsa ne manyan masu hannun jari.

Tun daga nan tsugunne ba ta ƙare ba, domin mai bankin shi ne kuma babban mai cin bashin bankin. Kamfanonin da ake kira rukunin Zik sun karɓi rancen da ya wuce fam 163,000, a kan ruwa mai sauƙi, aka kuma ɗaga musu wa'adin biya har zuwa 1971. Ga ƙaramin banki wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Kuɗin da masu ajiya za su iya nema gobe da safe an ɗaure su a inda ba za su dawo ba sai bayan shekaru masu yawa. Kafin 1955 hasara ta cinye jarin bankin, tsabar kuɗin da ke hannunsa kuma ta gaza abin da Sakataren Kuɗi na Tarayya yake bukata.

A halin nan ne siyasa ta ɗaga Azikiwe. A farkon 1954 ya zama minista a Jihar Gabas, a Oktoba na shekarar kuma ya zama Firimiya. Ƙa'ida ta ce minista ya bayyana harkokin kasuwancinsa, ya sauka daga kujerar darakta. Azikiwe ya sauka, aka ɗora abokin aikinsa na kusa, Mista A. K. Blankson, a kan shugabancin bankin. Hannun jarinsa dai yana nan, bashin kamfanoninsa yana nan.

Kuɗin manoma

Tun zamanin yaƙi gwamnati ta riƙa sayen koko da gyaɗa da auduga da manja ta hannun hukumomin cinikin amfanin gona. Hukumomin suna biyan manomi ƙasa da farashin kasuwar duniya, suna tara rarar da sunan za a tallafa masa a shekarar da farashi ya faɗi. Da aka shiga tsarin tarayya a 1954 sai aka raba wannan tarin dukiya ga jihohi uku, kowace ta kafa tata hukumar. Karo na farko ke nan da 'yan siyasar ƙasa suka sami miliyoyin fam a ƙarƙashin ikonsu.

Gwamnatin Gabas ta kafa wata hukuma ta samar da jari, aka ba ta fam miliyan 2 daga asusun hukumar ciniki, watau daga guminsu masu manja da ƙwarar manja. A cikin Mayu 1955, daidai lokacin da wa'adin dokar 1952 yake cika, wannan hukuma ta sayi hannun jari na fam 877,000 a African Continental Bank. Bayan haka aka karkata ajiyar waɗansu hukumomin jihar zuwa bankin, har jimlar dukiyar jama'a da ke ciki ta tasam ma fam miliyan 2. Bankin da yake gaɓar mutuwa ya farfaɗo.

Asiri ya tonu daga cikin gida. A watan Afrilu 1956 Mista E. O. Eyo, wanda ya riƙe muƙamin mai tsawatarwa na jam'iyyar gwamnati a majalisar jihar, ya raba gari da Firimiya, ya kawo ƙudurin neman a yi bincike. Azikiwe ya kai shi ƙara kan ɓata suna, Kakakin majalisa kuma ya hana tattauna ƙudurin da hujjar cewa maganar tana gaban kotu. Gwamnan jihar, Sir Clement Pleass, ya nace sai an bincika, dangantaka tsakaninsa da ministocinsa ta yi tsami, daga ƙarshe Landan ta tsoma baki.

Kotun Foster-Sutton

Babban Jojin Tarayya, Sir Stafford Foster-Sutton, shi ya shugabanci kotun binciken. Ta zauna a Ikko a ƙarshen 1956, ta fitar da rahotonta cikin Janairu 1957. Hujjar Azikiwe da magoya bayansa ita ce bankunan Turawa sun yi kaka-gida a kan dukiyar ƙasa, ba kuwa laifi ba ne gwamnatin 'yan ƙasa ta ajiye kuɗinta a bankin 'yan ƙasa. Suka ƙara da cewa Jihar Yamma ta zuba fam miliyan 1 a National Bank a wannan shekara ta 1955, ba wanda ya kafa mata kotu. Suka ce maƙasudin binciken shi ne a karya jagoran masu neman 'yanci, a kuma kare cinikin Turawa.

Kotun ba ta yi watsi da wannan hujja ɗungum ba. Ta yarda cewa babban burin Azikiwe shi ne samar da bankin 'yan ƙasa wanda zai sauƙaƙa wa mutane rance. Amma ta ce ƙarfin da mallakar banki ke bayarwa ya ja hankalinsa, saukar da ya yi daga kujera ta suna ce kawai tunda wanda ya gaje shi wakilinsa ne, kuma kamata ya yi ya rabu da hannun jarinsa tun ranar da aka fara maganar zuba kuɗin jama'a. Ta kammala da cewa abin da ya yi bai kai ga abin da mutanen kirki masu hankali suke tsammani daga minista ba.

Abin lura a nan shi ne hujjojin nan biyu duk suna iya zama gaskiya a lokaci guda. Lalle Turawa suna da tasu manufa, lalle kuma bankunansu sun tauye 'yan kasuwar ƙasa. Amma wannan bai canja lissafi ba. Kafin Mayu 1955, da bankin ya rufe, da mai karɓar kayan karyayye ya bi kamfanonin Firimiya bashi, da hannun jarinsa ya zama takarda. Bayan Mayu 1955 babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faru, kuma abin da ya hana shi faruwa kuɗin manoma ne, waɗanda ba a shawarce su ba. Mutum ɗaya ya tsaya a wurare uku: shi ne shugaban gwamnatin da ta ba da kuɗin, shi ne ya kafa bankin da ya karɓa, kamfanoninsa ne kuma bankin yake bi bashi. Ko da niyyarsa fara ce tas, ba wanda zai iya tabbatar wa manomin manja cewa an saya masa hannun jarin a farashin da ya dace.

Azikiwe ya amince ya miƙa wa gwamnatin jiha haƙƙoƙinsa a bankin, ya rushe majalisa, ya koma ga masu zaɓe. A zaɓen Maris 1957 jam'iyyarsa ta NCNC ta cinye kujeru 64 daga cikin 84. Bankin ya koma hannun gwamnatin Gabas a 1959. Masu zaɓe sun wanke Firimiyansu a siyasance, sai dai ƙuri'a ba ta biyan bashi, ba ta kuma amsa tambayar da kotun ta yi.

Ladan shugabanni

Wani ɓangare na rahoton wanda ba a cika tunawa da shi ba ya shafi ladan daraktoci. A shekarun da bankin yake cikin ƙunci ba a iya biyansu ba, ladan ya taru ya zama bashi a kan banki. Da kuɗin jama'a suka shigo sai aka biya wannan tsohon lada, wanda ya kafa bankin yana cikin waɗanda suka karɓa. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada su da fam 877,000, amma sun nuna wani abu da ya riƙa maimaita kansa a tarihin bankuna: waɗanda suka tuƙa jirgi ya kusa nutsewa su ne na farkon shan ruwan da aka kawo wa fasinjoji.

Lada ga shugaban banki haƙƙi ne, domin aikin yana bukatar sani da haƙuri, wanda aka biya da kyau kuma ya fi nesa da sha'awar taɓa amana. Matsalar tana wurare uku. Na ɗaya, wanda zai karɓa shi ne yake zaune a teburin da ake yankawa. Na biyu, ribar banki ana ganinta bana, amma ruɓaɓɓen bashi ba ya wari sai bayan shekara uku ko biyar. Shugaban da aka ɗaura ladansa a kan ribar shekara yana iya rabar da rance barkatai, ya kwashi tukuici, ya bar wa magajinsa kwashe ɓarna. Na uku, lada ba albashi ne kaɗai ba. A ɗauki misali: idan ana ba kowa rance a kan ruwa takwas cikin ɗari, aka ba kamfanin darakta fam 100,000 a kan uku cikin ɗari, to an sa masa fam 5,000 a aljihu kowace shekara, ba kuwa za a ga wannan a shafin albashi ba. Haka nan idan banki ya kama hayar gidan darakta da tsada, ko ya ba kamfanin ƙanensa kwangilar gini. Wannan ne dalilin da ya sa ƙa'idar lissafi ta duniya mai lamba IAS 24, wadda aka fara fitarwa a 1984, a tsarinta na yanzu ta haɗa abubuwan biyu wuri ɗaya: kamfani ya bayyana hulɗarsa da makusanta, ya kuma bayyana jimlar abin da manyan shugabanninsa suka samu.

Yamma da Arewa

Maganar da mutanen Gabas suka yi a kan Yamma ba ta faɗi ƙasa banza ba. A 1962, lokacin dokar-ta-ɓaci a jihar, Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a G. B. A. Coker don ya binciki hukumomi shida na Jihar Yamma. Kwamitin ya gano cewa wani kamfani mai suna National Investment and Properties Company, mallakar waɗansu jiga-jigan jam'iyyar Action Group su huɗu, ya karɓi rancen fiye da fam miliyan 6 daga hukumar ciniki, kuma wajen miliyan 4 sun zarce asusun jam'iyya. National Bank ma ya riƙa ba jam'iyyar da makusantanta rance. Rahoton ya ɗora wa Cif Obafemi Awolowo laifi, ya wanke Cif S. L. Akintola, abin da ya sa mutane da yawa suka ɗauke shi a matsayin makamin siyasa. Kamar dai a Gabas, zargin son zuciya ga masu bincike ya lulluɓe abin da binciken ya tono.

Arewa ta shigo harkar a makare. An kafa Bank of the North a 1959 da haɗin gwiwar gwamnatin jiha da Intra Bank na Beirut. A Oktoba 1966 Intra ya durƙushe a ƙasar Lebanon, bayan ya ɗaure kuɗin masu ajiya a gine-gine da kamfanonin da shi kansa yake da hannu a ciki. Bankin Arewa ya tsira, ya ci gaba a hannun gwamnati, har zuwa lokacin da ya narke cikin Unity Bank a 2006.

Doka tana bin sawu

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959. Dokar banki ta 1969 da ta 1991 sun ƙara tsananta sharuɗɗan rance ga daraktoci, a 1988 kuma aka kafa hukumar inshorar ajiya ta NDIC. Duk da haka, da aka sassauta ba da lasin a ƙarshen shekarun 1980, sai yayin farkon shekarun 1950 ya dawo. A 1994 gwamnatin soja ta kafa kotuna na musamman don karɓo basussukan bankunan da suka karye, a Janairu 1998 kuma aka soke lasin bankuna 26 a rana ɗaya. A waɗansu daga cikin bankunan da aka rufe a shekarun nan, fiye da rabin rancen yana hannun masu bankin ne da makusantansu.

A 2004 Babban Banki ya umurci bankuna su riƙa bayyana rancen makusanta a rahotonsu na shekara, ya kuma ɗaga jari zuwa naira biliyan 25, abin da ya rage yawan bankuna daga 89 zuwa 25. Girman jari bai warkar da cutar ba. Ranar 14 ga Agusta 2009 Gwamnan Babban Banki, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya tuɓe shugabannin bankuna biyar, ya zuba musu naira biliyan 420. A Oktoba aka ƙara tuɓe na uku, jimlar tallafi ta kai biliyan 620. A 2010 tsohuwar shugabar Oceanic Bank, Cecilia Ibru, ta amsa laifi a kotu, aka ɗaure ta wata shida, ta kuma sallama kadarorin da suka kai wajen naira biliyan 190. A wannan shekara aka ƙayyade wa shugabannin bankuna wa'adin shekara goma a kan kujera. A Afrilu 2021 Babban Banki ya rushe hukumar daraktocin First Bank, magajin tsohon bankin Turawan nan na 1894, rancen makusanta na cikin dalilan da ya bayar.

Shi kuwa bankin Azikiwe, ya shiga mawuyacin hali a shekarun 1990, ya narke cikin Spring Bank a 2005. Spring na cikin waɗanda aka tuɓe wa shugabanni a 2009, ya koma Enterprise Bank a 2011, Heritage Bank ya saye shi a 2014, aka soke lasin Heritage a Yuni 2024.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa tun 1952 ba a rasa doka a kan rancen makusanta ba. Abin da akan rasa shi ne wanda zai tsaya a kanta a ranar da mai neman rancen ya fi mai bayarwa ƙarfi. Ƙa'idojin da aka koya da tsada ba su da wuyar faɗi. Darakta ya bayyana hannunsa a kowace harka tun kafin a tattauna ta, ya fita daga ɗaki lokacin yanke shawara. Makusanci ya kawo jingina, ya biya ruwa, ya cika wa'adi daidai da baƙo. Waɗanda ba su da rabo a cikin lada su ne za su yanka shi, masu hannun jari su amince, a buga shi kowa ya gani, a kuma jinkirta wani sashe nasa har a ga ƙarshen rancen da aka bayar. Mai riƙe da muƙamin gwamnati kuwa, saukarsa daga kujerar kamfani ba ta wadatar ba muddin ribar tana komawa gidansa.

Takardar da ta kai fam 877,000 African Continental Bank ta bi ta hannun sakatarori da akawuna da 'yan hukuma kafin kuɗin su fita, haka nan miliyoyin da Coker ya bi sawunsu. Ɗaliban da za su zauna a irin waɗannan kujeru, da ma'aikatan da suke kansu a yau, za su gamu da ranar da za a kawo musu fayil mai kyakkyawar manufa a bangonsa, kishin ƙasa ko taimakon 'yan jiha, alhali a shafi na uku akwai sunan kamfanin mai gida. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ladan shugaban banki da albashin ma'aikaci duk daga aljihun mai ajiya da mai biyan haraji suke fitowa, askin da suke bin su kuwa shi ne a yi tambayoyin nan uku, na jingina da ruwa da wa'adi, ko wane ne ya zo neman rancen.